Bushewar Ido Wadda Damina Ba Ta Warkarwa

Duk wanda ya taɓa yin hunturu a Maiduguri ya san yadda ido kan ji jiki. Tun daga watan Nuwamba iska takan juyo daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙura mai laushi kamar garin alkama, wadda take kwasowa daga wani kwari da ake kira Bodele a arewacin ƙasar Cadi, watau gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe tun zamanin da. Masana sun ce babu wani wuri guda a duniya da yake ta da ƙura kamar wannan kwari. Ƙurar nan ce take kwanciya a kan ganyen darbejiyar titunan Yerwa har ya koma fari, ita ce take tsaga leɓe da dunduniya, kuma ita ce take sa mutum ya wayi gari idonsa ja wur, yana ji kamar an watsa masa yashi. Hunturu na wucewa bazara ta karɓa, zafi ya haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, iska ta bushe ƙamas. To, a garin da ido yake yi wa kowa raɗaɗi kusan rabin shekara, ba abin mamaki ba ne a ɗauki bushewar ido ƙaramin abu wanda bai isa a kai shi asibiti ba.

Amma akwai wata bushewar ido da ba ruwanta da yanayi, kuma a kanta wannan fili zai yi magana a makon nan. Abin da ya fi saurin tona ta shi ne damina. Ruwa ya sauka, kogin Ngadda ya kawo, gari ya yi laima, idon kowa ya huce, amma mai wannan ciwo tana nan da yashinta a ido kamar ana tsakiyar Janairu. Da gangan aka ce "tana", domin a cikin kowane mutum 10 masu fama da shi, kimanin 9 mata ne, yawancinsu kuwa daga shekara 40 zuwa sama. Ciwon yakan laɓe a bayan hunturu, a yi shekaru ana dora wa ƙura laifi, shi kuwa yana can yana cin fuskar ido sannu a hankali.

Kafin a gane ɓarnar sai an san aikin hawaye. Yawancin jama'a ba su san hawaye ba sai wajen kuka ko yankan albasa, alhali kuwa idon mai lafiya ba ya rabuwa da su dare da rana. Mutum yakan ƙifta kamar sau 15 zuwa 20 a minti guda ba da saninsa ba, kuma a kowace ƙiftawa fatar ido takan shafa wani siririn ruwa a kan ƙwayar ido, tamkar magini yana shafe yaɓe. Ruwan nan hawa uku ne. Na ƙasa yauƙi ne, wanda fatar farin ido take fitarwa domin ruwan ya kama, kada ya zame. Na tsakiya shi ne ruwan kansa, mai ɗan gishiri, wanda yake tsattsafowa daga wata 'yar maɓuɓɓuga da ke ɓoye a ƙarƙashin ƙashin gira, ta gefen da ya fi kusa da kunne. Na sama kuwa maiƙo ne, yana fitowa daga wasu 'yan ƙofofi da ke jere a bakin fatar ido bayan gashin ido, aikinsa ya hana iska ɗauke ruwan, kamar yadda mai kan kwanta a kan miya ya hana ta hucewa da wuri.

Wanda ya fi dogara da wannan ruwa shi ne tantanin da ya rufe baƙin ido, wanda likitoci suke kira koniya. Garai-garai yake kamar gilashi, kaurinsa a tsakiya bai wuce rabin milimita da 'yan kai ba, kuma ta cikinsa haske yake ratsawa kafin mutum ya ga kome. Domin kada a tare hasken, ba a halicce shi da jijiyar jini ko ɗaya ba. Iskar da yake rayuwa da ita a cikin hawaye take narkewa ta iso gare shi, kuma hawayen ne suke wanke masa ƙura, su kashe ƙwayoyin cuta da wani sinadari mai suna laizozayim, wanda Alexander Fleming, Baturen nan da ya gano fenisilin, ya bayyana a 1922. Ke nan ranar da hawaye suka ɗauke, tantanin ya rasa mai wanke shi da mai gadinsa gaba ɗaya.

Abin da yake ɗauke hawaye a wannan ciwo daga cikin jiki yake fitowa. Aikin fararen ƙwayoyin jini, watau garkuwar jiki, shi ne su yaƙi baƙon da ya kutso, amma a jikin wasu mutane sukan rikice su juya wa gida, kamar dogari ya zare takobi a kan mutanen fada. In suka dira a kan maɓuɓɓugar hawaye da ta miyau sai su cunkushe ta, su kumbura ta, su hana ta aiki har ta ƙafe. Ciwon ba a ɗaukarsa daga wani, ba ya bin kwano ko tawul, kuma ba sammu ba ne. Gado yana da hannu a ciki, haka kuma sauyin da jikin mace kan yi wajen ɗaukewar al'ada.

Wani likitan ido na ƙasar Suwidin, Henrik Sjögren, wanda ake furta sunansa kamar Shogiren, shi ne ya haɗa alamomin wuri guda. A 1933 ya rubuta kundin bincike a kan mata 19 masu busasshen ido, ya kuma lura 13 daga cikinsu suna fama da ciwon gaɓɓai. Malaman da suka duba kundin ba su ba shi maki mai yawa ba, har hakan ya toshe masa hanyar zama malamin jami'a a lokacin; sai da aka fassara aikin zuwa Turanci a 1943 duniya ta waiwaye shi. Yau da sunansa ake kiran ciwon. Jama'a da yawa kuwa ba su ji labarinsa ba sai a 2011, sa'ad da Venus Williams, shahararriyar 'yar wasan tanis ta Amurka, ta janye daga babbar gasar ƙasarsu ta ce shi aka gano a jikinta, bayan ta daɗe tana fama da gajiyar da aka rasa dalilinta.

Abin da Sjögren ya lura da shi shi ne mabuɗin al'amarin har gobe: ido ba ya bushewa shi kaɗai. Baki ma yakan ƙafe, har mace ta kasa haɗiye burabusko ko ƙuliƙuli sai da kofin ruwa a hannu, harshe ya riƙa manne wa ganɗa in ta yi doguwar magana, ta riƙa farkawa cikin dare neman ruwa. Da yake miyau ne yake tsare haƙora, sai su fara ruɓewa daga gindi, wajen dasashi, ko da tana goge su kullum. Wani lokaci gaban kunne ya kumbura kamar hangum, ya saɓe, ya sake dawowa. Yatsu da wuyan hannu su sage da safe, su yi awa guda kafin su saki. Ga wata gajiya da barci ba ya maganinta, ga bushewar gaba wadda kunya kan hana a faɗa wa kowa. Matsalar ita ce kowace alama da inda ake kai ta: ido a kai kemis, haƙori a kai wa mai cirewa, gaɓɓai a ce sanyi ne a nemo jiƙo. Kowa ya ga nasa yanki, ba wanda ya ga mai ciwon dukanta. Ciwon yakan zo shi kaɗai, yakan kuma zo a kan wani ciwon garkuwar jiki, musamman amosanin gaɓɓai mai lanƙwasa yatsu, da kuma wanda likitoci suke kira lufus.

Ɓarnar da ake yi wa tantanin baƙin ido kuwa mataki-mataki take tafiya. Da farko ruwan da ya rage yakan yi gishiri fiye da kima saboda ƙarancinsa, gishirin ya ƙone 'yan ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe fuskar tantanin, su riƙa zubewa suna barin ƙananan ramuka waɗanda ido ba ya gani sai da na'ura. Daga nan ne raɗaɗi da ƙin haske suke fitowa, da gani mai dushewa ya washe in an ƙifta. In abin ya ci gaba, yauƙin da ya rasa ruwan da zai tsinka shi sai ya daskare ya zama 'yan zare-zare masu manne wa tantanin, kowace ƙiftawa ta ja su, zogin kamar ana tsikara allura. Wurin da ya saluɓe ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, kuma mai gadi ba ya nan, sai gyambo ya kafu. A wurin masu amosanin gaɓɓai akwai wanda ya fi wannan muni, domin tantanin yakan narke da kansa ko babu ƙwayar cuta, ya yi ta sirancewa har ya huje, ruwan cikin ido ya tsiyaye, wani lokaci cikin 'yan kwanaki. Abin tsoro a nan shi ne jijiyoyin ji na tantanin sukan dakushe in ciwon ya daɗe, saboda haka idon da ya fi lalacewa yana iya zama wanda ya fi yin shiru. Gyambon da ya warke ma yakan bar hakiya, in kuwa ta zauna a tsakiyar baƙin ido, gani ya tafi.

A nan ne kemis yake shigowa, kuma dole a tsaya a kansa. Daga Gwange zuwa Bulunkutu, kamar yadda yake a Fagge ko Tudun Wada, wanda idonsa ya yi ja yakan nufi shagon magani ya ce a ba shi na ɗigawa, mai shago kuwa ya miƙo wanda ya san zai sa a dawo a yi masa godiya. Sau da yawa irin mai sinadarin sitiroyid ne, kamar Betnesol-N ko Maxitrol. Magunguna ne na gaske masu amfani a hannun likitan ido, wanda shi ma yakan ba da irinsu na ɗan gajeren lokaci yana duba idon a kai a kai. Amma a hannun wanda yake ɗigawa wata da watanni ba mai dubawa, sukan kwantar da ja da zafi su bar ɓarnar tana tafiya a ɓoye, su hana miki warkewa, su ba ƙwayoyin cuta dama, su gaggauta narkewar tantanin. Bugu da ƙari suna jawo hawan jinin ido da yana. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Na gida ma ba su fi ba: ruwan sukari, da nonon mai shayarwa, da ruwan albasa, da fitsarin saniya, da garin ganye, duk an sha ɗiga su a ido a ƙasar nan, musamman lokacin annobar afolo, kuma a kan tantanin da ya riga ya saluɓe kowannensu yana iya zama mafarin gyambo.

Wani dalilin da ya sa ciwon yake ɓuya yana wajen likitoci ne da kansu. An daɗe ana koyarwa cewa cututtukan garkuwar jiki ba su cika kama baƙar fata na Afirka ba. A 1968 Dokta Brian Greenwood, wanda daga baya ya yi shekaru yana aiki a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya duba bayanan majinyata a asibitin koyarwa na Ibadan ya ga irin waɗannan cututtuka ba su da yawa, har ya kawo shawarar cewa watakila yawan zazzaɓin cizon sauro da tsutsotsin ciki ne suke shagaltar da garkuwar jiki. Magana ce mai ma'ana a zamaninta, amma ta zauna a kan ɗalibai fiye da yadda ya kamata, ga shi kuwa abin da ba a nema ba, ba a cika ganinsa ba. Da aka sami ƙwararrun likitocin gaɓɓai a ƙasar nan, irin su Farfesa Olufemi Adelowo a Legas, suka buɗe ɗakunan duba masu irin wannan ciwo, sai ga majinyatan lufus da amosanin gaɓɓai suna ta fitowa. Har yanzu dai waɗannan ƙwararru ba su da yawa, kuma galibinsu a manyan asibitocin koyarwa suke.

Ba kowace daɗaɗɗiyar bushewar ido ce ciwon Shogiren ba, kuma a Borno sai likita ya tankaɗe wasu abubuwa tukuna. Akwai amosanin ido, wanda yake barin tabo a cikin fatar ido har gashin ido ya juya ciki yana gogar tantanin. Akwai ƙarancin bitamin A, mai farawa da dundumi, wanda yake busar da idon yaro har ya narke, musamman bayan ƙyanda ko a lokacin yunwa, abin da yaran da rikici ya raba da gonakin iyayensu tun daga 2009 suka fi kowa shiga haɗarinsa. Akwai mummunar borin jiki da wasu kan yi bayan shan magani irin su Septrin ko Fansidar, fata da baki da ido su saluɓe kamar ƙuna, in an tsira ido ya zauna a bushe. Ciwon sukari da cutar ƙanjamau su ma suna busar da ido, haka Piriton da 'yan'uwansa da ake sha don mura.

Gwajin farko ba mai tsada ba ne. Akan saƙala 'yar siririyar takarda a fatar ido ta ƙasa, a bar ta minti 5, a auna inda ta jiƙe. In bai wuce milimita 5 ba, hawaye sun yi ƙaranci ƙwarai. Wani likitan Jamus mai suna Otto Schirmer ne ya fito da wannan dabara a 1903, kuma har yau ba a daina amfani da ita ba. Sa'an nan a ɗiga wani rini mai ruwan ɗorawa, a haska ido da shuɗin haske, duk inda tantanin ya saluɓe sai ya fito kore shar. In alamu sun nuna, a ɗibi jini a nemi wasu sinadaran garkuwar jiki da ake yi wa laƙabi da Ro da La, wani lokaci kuma a yanki ɗan ƙanƙanin nama daga cikin leɓen ƙasa a duba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, wanda Shugaba Shehu Shagari ya buɗe a 1983, yana da sashen ido da likitocin cikin jiki a harabar guda, abin da mai wannan ciwo take bukata ke nan. Akwai kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da Asibitin Ido na ECWA a Kano. Amfanin sanin sunan ciwon ya wuce ido, domin yana iya taɓa huhu da ƙoda da jijiyoyi, kuma kimanin 5 cikin 100 na masu shi kan kamu da sankarar kaluluwa, don haka kumburin gaban kunne ko na wuya da ya ƙi saɓewa ba abin sakaci ba ne. Mai juna biyu da aka samu sinadarin Ro a jininta ita ma sai an riƙa sauraron bugun zuciyar ɗan da ke cikinta, saboda kamar 2 cikin 100 na irin waɗannan jarirai kan zo da zuciya mai bugawa a hankali.

Maganin da zai tumɓuke ciwon daga tushe bai samu ba tukuna, amma ana tsare ido, kuma mafi yawan waɗanda aka gano da wuri sukan tsufa da ganinsu. Ginshiƙin magani shi ne hawayen kwalba, a riƙa ɗigawa a kan lokaci, ba sai ido ya fara zafi ba, da man ido mai kauri lokacin kwanciya. Wadda take ɗigawa fiye da sau 4 a rana ta nemi irin wanda ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba, domin sinadarin kansa yana cin tantanin in ya yi yawa, ko da yake irin wannan ya fi tsada, kuma tsadar ce take sa da yawa su daina a tsakiyar hanya. Likita yana iya toshe 'yar ƙofar da hawaye suke zurarewa ta cikinta zuwa hanci, don ɗan abin da ya rage ya daɗe a ido. Akwai ɗigon saikulosforin mai kwantar da garkuwar jiki a fuskar ido, wanda sai an yi watanni ana sa shi kafin a ga amfaninsa. A wasu manyan asibitoci akan tace jinin majinyaciya a yi mata ɗigo da ruwansa. In tantanin ya fara narkewa, akan liƙe wurin da wani gam na musamman ko a ɗinke gefen fatar ido na ɗan lokaci, kuma lalle a haɗa da maganin sha mai danne ciwon a jiki duka, domin wutar daga can take ruruwa.

Sauran aikin a gida yake, kuma a nan matan Borno za su ɗan ji ba daɗi. Turaren wuta abin alfahari ne, ɗakin amarya ko na uwargida ba ya cika sai da shi, amma hayaƙinsa a rufaffen ɗaki azaba ne ga idon da ba shi da hawayen wanke kansa. A turara ɗaki da tufafi mai ciwon tana waje, a buɗe taga kafin ta shiga. Hayaƙin murhu da na bandar kifi irin na Tashar Baga su ma haka. Kada ta kwanta fanka tana busa mata fuska kai tsaye, in za ta shiga Keke Napep ta sa tabarau mai rufe gefe, in tana kallon waya ta tuna ƙiftawa, domin mai zura wa allo ido yakan rage ƙiftawa da fiye da rabi. Gasa fatar ido da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi yana narkar da maiƙon da ya daskare a 'yan ƙofofin nan. Kwalli kuwa, da yake a daidai bakin ƙofofin ake zizara shi, kuma na dutse yana ɗauke da dalma, gara a haƙura da shi. Mai azumi da take tsoron ɗigon ya isa maƙogwaro ta danne lungun ido na wajen hanci da yatsa minti ɗaya ko biyu bayan ta ɗiga, wannan yana tare hanyar. Hukuncin kuwa ta tambayi malamai, ta kuma gaya musu abin da likita ya ce zai sami idon in ya wuni ba ɗigo.

Wasu kan kwantar da rai cewa ko tantanin ya lalace ai akwai dashe. Gaskiya ne tun 1973 dokar ƙasar nan ta yarda da dashen tantanin ido, amma masu ba da kyautarsa bayan rasuwa ba su da yawa, kuma sabon tantanin da aka dasa a busasshen ido yakan gamu da abin da ya ci na farko. Saboda haka ranar da aka ga farin ɗigo a kan baƙin ido, ko gani ya dushe farat ɗaya, ko ido ya kasa buɗuwa a haske, ko wani ruwa mai ɗumi ya zubo ba zato daga idon da aka san ba ya hawaye, a ranar za a tafi asibitin ido, ba a jira wayewar gari ko ranar kasuwa ba. Kada a murza, kada a ɗiga kome a hanya, kuma a tafi da dukan kwalaben da aka taɓa ɗigawa, har waɗanda suka ƙare, likita ya karanta abin da ke jikinsu.